Ba Burki Ba Ne

Shekarar da Shari'a ta shigo Zamfara ina jan motar haya tsakanin Kaura Namoda da Zurmi, kuma babu direban da ya kai ni cika baki a tasha. Ban taɓa kai giya bakina ba. Da aka rufe gidajen sayar da ita, sai na tasa abokan aikina mashaya a gaba da tsiya, ina tambayarsu ko yanzu hanya ta daina rabuwa biyu a idonsu. Na zubar da kaset-kaset ɗin kiɗa, na cika mota da na wa'azi. Laifi tudu ne, na taka nawa ina hangen na wasu.

Wata safiya da damina, kusa da Birnin Tsaba, rediyon mota ta cinye zaren kaset ana tsakiyar wa'azi. Na sunkuya in zaro shi, hannu ɗaya a kan sitiyari. Da na ɗago, sai ga wani dattijo a gabana bisa keke, da fartanya a kafaɗa, zai tafi gona. Na taka burki, ya kuwa kama, amma aikin gama ya gama. Al'adarmu ta direbobi, in haka ta faru a ruga wajen 'yan sanda kafin jama'a su taru. Ni ban ruga ba. Na zauna a bakin kwalta na ɗora kansa a cinyata, a nan ya cika.

Shugaban tasharmu ya ja ni gefe ya ce, "In an tambaye ka, burki yat tsinke. Kar ka ƙara komi." Haka na faɗa wa 'yan sanda, haka na maimaita a gaban alƙali. Yayan mamacin, wani malami marar yawan magana, ya miƙe ya ce ƙaddara ce, sun yafe, ba su son diyya. Sai kaffara ta rage a kaina, azumin wata biyu a jere.

Yunwar ba ta dame ni ba. Yafiyar ce ta hana ni sakat, domin da ƙarya na karɓo ta, kuma na san ba tawa ba ce. Saura kwana goma in gama, na shiga motar wani na nufi garinsu, ban yi shawara da kowa ba. Tsoro nake ji ƙwarai, don in suka ce sun janye, ba ni da bakin magana.

Na iske malamin a zaure, na durƙusa.

"Baba Malam, ƙarya niy yi. Burki lahiya lau yake. Kaset nid duƙa in zaro."

"Hwasinjanka sun hwaɗa muna tun ranar jana'iza," ya ce. "Ni nawa na yahe, na san abin da nika yahewa. Amma akwai wadda ba a tambaya ba."

Ya aika aka kira matar mamacin. Tana cikin takaba, sai ta tsaya a bayan zanan da ya raba zaure da cikin gida, muryarta kawai nake ji. Na sake faɗin abin da na yi, ban rage komai ba. Na shirya wa zagi, har da Allah ya isa.

"Ɗana, an ce kai kar riƙe shi," ta ce. "Ya samu yin magana?"

"Inna, na laƙƙana mishi kalmar shahada, ya amsa har sau biyu."

Sai na ji kukanta a hankali. Ni ma nawa ya ƙwace mini, na kifa kai a tabarma.

"Wata biyu ina tambaya, ba wanda yas sani," ta ce. "Na yahe ma, duniya da lahira. Koma ga sana'arka ka ci da iyalinka. Amma ka riƙa duban hanya, ɗana, akwai mazan mutane bisanta."