Likitar da Ta Ba Kanta Talata

Kafi-Jiniya suke kiranta a sashen gaggawa, don kafin motar asibiti ta gama kuka a bakin ƙofa, ita ta riga ta sa safar hannu tana tsaye. Likita ce gajeruwa, mai takalmin roba da ya cinye ta gefe ɗaya. Mijinta ya rasu tun da sauran ƙuruciyarta, ɗanta ƙwaya ɗaya yana wata ƙasa, sai gaisuwar waya. In ta koma gida, ba mai yi mata sannu da zuwa sai gurnanin firji.

Shekara goma sha tara tana koya wa ƙananan likitoci aikin gaggawa: yadda ake zura bututu a maƙogwaron wanda numfashi ke neman guje masa, yadda ake danna ƙirji ba a sassauta. Ba ta iya lallashi ba.

"Kai ɗan nan, hannun naka na aro ne? Danna!"

Duk wanda ya bi ta hannunta ya iya aiki. Amma kujerar shugaban horo, wadda ke yanke wa za a ɗauka, wa za a yaye, tun da aka gina asibitin maza ke gadonta kamar hular kakansu. Ita kuma tana so. Ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, amma tana so.

Farfesan da ke kan kujerar ya ɗora mata rubuta jadawalin aiki, wai rubutunta ya fi kyau. Kwamitin horo kuwa yana zama duk Talata da ƙarfe goma a bene, ɗaki mai sanyi, ga shayi. Sai manyan likitoci su riƙa tare ta a baranda: "Yaya, don Allah cire ni ranar Talata, akwai zama." To, ɗakin gaggawa ba a barinsa babu babba. Wa ya rage? Sai ta rubuta sunanta. Ita ma 'yar kwamitin ce a takarda, amma ta ce su je su sha surutu a sama, aiki yana ƙasa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, ita kuma har alfahari take yi da bugun.

Da Farfesa ya yi ritaya, ta nemi kujerar. Ta zauna gaban mutum biyar, uku daga ciki ita ta koya musu ɗinki. Sakatare ya buɗe littafin da masu halartar zama ke sa hannu. Doka ta ce mai neman kujerar sai ya halarci rabin zaman shekara uku.

"Likita, sau biyu muka gani."

"Ina ƙasa ina riƙe muku ɗaki."

"Mun sani, Allah ya saka. Amma ba wanda ya hana ki hawowa." Ya turo mata jadawalin. "Ga shi, rubutunki ne."

Ta duba. Rubutunta ne kuwa, mai kyau, ba ko gogewa.

Aka ba wani tsohon ɗalibinta kujerar, Ɗan Gayu, wanda ranarsa ta farko ya ga jini ya sulale ƙasa, ita ta yayyafa masa ruwa. Ya same ta a ɗan ɗakinta yana murza hannu.

"Mama, wallahi kunya nake ji."

"Kunyar ta hana ka zama a kai?"

"A'a... dama jadawalin ne. Za ki ci gaba da rubutawa?"

"Kawo."

Saura mata shekara biyu ta ajiye aiki, kujera ta wuce ta har abada. A cikin manyan likitocin mace ɗaya ce ke bayanta, wadda suke kira Siririya, mai son ɗakin gaggawa kamar ta haɗiye shi. Kafi-Jiniya ta bi Talatocin wata shida ta tsame Siririya daga aiki, ta zuba sunan kanta.

Siririya ta shigo a fusace. "Anti, me na yi miki? Ni kika kora shan shayi?"

"Hau bene. Ki zauna kusa da littafin nan, ki sa hannu manya-manya, ko gyangyaɗi za ki yi."

"Ashe gaskiya ne da ake cewa ba kya son ganin mace kusa da ke."

Da Kafi-Jiniya ta yi mata bayani, da an wuce wurin. Amma bakin da ya saba ba da umarni bai iya roƙon a fahimce shi ba. Ta ce, "Rufe mini ƙofa." Tun daga ranar gaisuwarsu ta koma ta ɗaga hannu daga nesa.

Talata da ƙarfe goma ta ji takun takalma suna hawa bene, har da ƙwas-ƙwas na Siririya, mai fushi. Baranda ta yi tsit. Aka turo wani tsoho da ya faɗo daga tsani, sabbin ɗalibai huɗu suka yi cirko-cirko suna kallonta.

"Ku matso," ta ce. "Ba ya cizo."