Ni Na Sa Aka Ɗinke Fuskar Ɗana da Tsakuwa a Ciki

Ban yi boko ba, maƙwabciyata ce ke rubuta mini wannan. A wancan lokaci ni ce matar da ba a musa wa magana a gidanmu, can wajen Andarai. In na ce a yi, an yi. Ina ganin idona ya fi na kowa gani.

Ɗana na fari, magidanci mai 'ya'ya uku, ya ɗauko albasa a babur zai kai kasuwar Aliero, sai taya ta fashe, ya faɗi ta fuska kan tsakuwa. Kuncinsa ya tsage har gefen baki. A asibitin da aka fara kai shi, likita ya wanke, ya rufe da auduga, ya ce kada a yi saurin ɗinki, sai an kai shi Sakkwato an ɗauki hoto, don yana zaton ƙashin muƙamuƙi ya karye. Na kasa zama, na kasa tsayuwa. Ina ganin fuskar ɗana a buɗe, mutane suna leƙe, sai na ce ragwanci ne kawai irin na likitocin yanzu. Na sa aka ɗauke shi. Matarsa ta ce Inna a yi haƙuri a bi maganar likita, na harare ta.

Wani mai allura a ƙauyenmu na kai wa shi. Bai tambayi ƙashi ba, bai sake wanke ciwon ba, ya haɗa fata da fata ya ɗinke. Na ji sanyi a raina. Kwana biyu na lura haƙoransa na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa, sai na kai shi wurin wani tsohon mai ɗori. Tsohon ya ce ya ciza, ya duba, ya girgiza kai. Ya ce Hajiya muƙamuƙi ba ƙauri ba ne, ba ya ɗaura masa kara, mu tafi inda aka ce mana. Shi ma na ƙi jin tasa. Na dawo gida na ɗaure masa haɓa da ɗankwalina.

Kafin mako biyu fuskar ta kumbura, tana zubar da mugunya, ga zazzaɓi. Da muka je Sakkwato dole, likitoci suka warware ɗinkin, suka fitar da tsakuwa da yashi a gabana. Ƙashin ya fara haɗewa a karkace. Sun yi aiki, sun ɗaure haƙoran da waya, amma bakin bai koma daidai ba.

Na gane rufe ciwo daban, gyara shi daban. 'Yan'uwana mata, in fuska ta ji rauni, ku bari a wanke da kyau, a duba ƙashi, a ga haƙora suna haɗuwa kafin allura ta taɓa fata. Ɗana bai taɓa ɗora mini laifi ba. Ranar Sallah dai, in ana rabon soye, ni ke daka masa nasa a turmi don ba ya iya tauna, shi kuma ya karɓa ya ce Allah ya saka da alheri, Inna.