Wankan Jego a Shekarar Fari

Na yi haihuwata ta farko a shekarar da ruwa ya ɗauke, a farkon shekarun tamanin, lokacin da sai an bi layi ake samun sabulu da madara. Bayan suna aka ɗauke ni daga gidan mijina a Sharaɗa aka kai ni gidanmu a Ɗorayi wankan jego, kamar yadda ake yi wa kowace mai haihuwar fari. Akwati ɗaya na tafi da shi, don na san da an yi arba'in zan koma ɗakina.

Mijina yana aiki a wani kamfanin jimar fata a Chalawa, a ɗakin gwaje-gwaje. Shi ke auna ruwa da magungunan da ake jiƙa fatu a ciki. Mutum ne mai yawan karatu, kuma yana da hali ɗaya: idan aka yi masa tambaya sai ya amsa ta har ƙarshenta, ko da mai tambayar hira kawai yake nema. Mahaifina kuwa, wanda duk muke kira Malam, malamin soro ne, manya ke ɗaukar karatu a wurinsa da safe. Yana da gonar gero, da wani lambu na gado a bakin kogin Chalawa. Shi da kansa ya ba mijina aurena, kuma a da yana jin daɗin zama da shi, har yakan tambaye shi labarin taurari da husufin wata.

Damina ta faɗi a makare, aka yi shuka, sai sama ta kulle. Ina kwance a ɗakin Inna, mahaifiyata, ina jin masu zuwa barka suna hirar gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe. Itacen dafa ruwan wankana ma ya yi tsada. Aka sa ranar fita roƙon ruwa, gari ya fita, kamfanoni da yawa suka saki ma'aikatansu.

Kwana kaɗan bayan haka wani ɗan kawuna, lebura a kamfanin su mijina, ya shigo gaishe da Inna. Ya daɗe a soro wurin Malam kafin ya ƙaraso ciki. Abin da ya kawo shi ne, wai mijina bai fita roƙon ruwa ba, kuma wai a wurin cin abinci, a gaban leburori, ya ce hayaƙi ne ke hana ruwa, ba Allah ba. Ya ƙara da cewa ba abin mamaki ba ne, tunda kullum tare yake da wani Bature da suke aiki ɗaki ɗaya, wanda kowa ya san ko cocinsu ba ya zuwa.

Washegari Malam ya sa aka kira ni ɗakinsa. Na durƙusa a bakin ƙofa.

Ya ce, "Tambayarki zan yi, ki ji tsoron Allah ki faɗa min. Mijinki yana salla a gida?"

Na ce, "Yana yi, Malam. Shi ke tashina da asuba."

"Ya taɓa yi miki maganar wannan Baturen?"

Da na san inda amsar za ta kai ni, wataƙila da na yi shiru. Na ce, "Ya taɓa cewa Baturen bai yarda akwai Allah ba, amma bai taɓa kama shi da ƙarya ba."

Sai Malam ya ce in tashi in je.

Arba'in ya cika. Aka yi min kitso da lalle, Inna ta haɗa garin kunu da daddawa da kukar da zan tafi da su. Da dangin mijina suka aiko a kan ranar da za su zo ɗaukata, Malam ya ce a dakata, yana da magana da mijin.

Ranar Asabar bayan la'asar mijina ya zo. Gidanmu soro biyu ne, na waje inda Malam ke zama, da na ciki inda ake ajiye turmi da buhuna. Na goya yarinya na shiga na ciki na zauna a kan buhun dusa. Inna ta gan ni, ta kau da kai.

Bayan gaisuwa Malam ya faɗa masa abin da ya ji. Mijina ya ce ranar roƙon ruwa an jiƙa fatu a magani, kuma idan babu mai aunawa duka za su lalace, shi ya sa aka hana shi fita. Maganar hayaƙi kuwa, leburori ne suka tambaye shi, tunda shi mai awo ne, me ya sa ruwa ke raguwa tun farin da aka yi a shekarun baya.

"Me ka ce musu?"

"Allah ya gafarta Malam, na ce su kansu masanan ba su gama daidaitawa ba. Wasu sun ce sare itatuwa ne da yawan kiwo. Wasu sun ce ɗumin teku ne ya canza, iskar da ke kawo mana hadari ta yi rauni. Wasu kuma, su ne ke ƙara yawa yanzu, sun ce hayaƙin masana'antun duniya yana taruwa a sama yana riƙe zafi, kamar murfi a kan tukunya."

"Ba kai ba ne ka taɓa ce min a nan wurin sun ce duniya sanyi za ta yi?"

"Wasu kaɗan ne suka faɗa, kuma awon da ya biyo baya bai goyi bayansu ba."

"To mutanen da jiya suka ce sanyi, yau suka ce zafi, su za ka ɗauko ka kai wa talakan da geronsa ke ƙonewa?"

"Haka iliminsu yake, Malam. Idan awo ya nuna sun yi kuskure sai su gyara. Ban ce wa kowa kada ya roƙi Allah ba. Sababi suka tambaya, sababi na faɗa."

Malam ya ce, "Sababi ba baƙo ba ne a wurinmu. Mun san wuta ke ƙona, mun san wanda ya sa mata ƙunar. Amma da ka gama lissafa musu teku da hayaƙi, ka ambaci Mai teku?"

Mijina ya ce, "Ban ambata ba. Na ɗauka duk wanda ke wurin ya sani."

Na ji kamar in leƙa in ce masa ya tsaya a nan, ya ba da haƙuri. Yarinya ta fara motsi a bayana, na riƙa jijjiga ta a hankali don kada ta tona min asiri.

Malam ya koma kan Baturen. Mijina bai ɓoye ba, ya ce gaskiya ne mutumin bai yi imani ba, kuma a cikin masu irin wannan karatu akwai irinsa da yawa. Ya ce amma malamin da ya koya masa aikin a jami'a shi ke ja musu salla, kuma idan aka ba malamin da Baturen ruwa ɗaya su auna, amsa ɗaya za su fitar.

"Kai wanne ka bi a cikinsu?"

"A awo duka biyun. A salla, wanda ke yi."

Da jin haka har na fara sa rai. Sai Malam ya sauko da murya ya ce, "Bari in bar maka sama, tunda ka ce ba a gama daidaitawa ba. Mu dawo ƙasa. Ruwan da kuke sakowa kogi, mai launin toka, mai wari, shi ya ƙone min albasa da tumatir bana, ni da maƙwabtana. Da kogin ya janye, kusan shi kaɗai ya rage a ciki. Wannan ma masana sun saɓa a kansa?"

"Ba su saɓa ba."

"Kai ke auna shi?"

"Ni ne."

"To ka san ɓarnar da ke gabanka ka yi shiru, ka je kana ba leburori labarin wadda ke bayan gajimare."

Daga ƙarshe Malam ya faɗi sharaɗinsa: maganar ta riga ta zaga unguwa, har masu ɗaukar karatu suna yi masa kallon wanda ya ba zindiƙi 'ya. Don haka mijina ya zo masallacin ƙofar gida, bayan salla ya miƙe ya ce ya janye abin da ya faɗa. Ran da ya yi haka, ran nan zan koma ɗakina.

Mijina ya ce, "Malam, abin da ban faɗa ba, idan na janye shi na amsa na faɗa ke nan."

"To sai ka yi tunani."

Haka na zauna. Ba a sake ni ba, ba yaji na yi ba, babu sunan da za a kira zamana da shi. Matan unguwa su shigo su ce, "Mai jego, har yanzu ana nan?" sai in ce ana ƙara hutawa. Lallena ya goge. Kayan yarinya suka matse ta, manyan suna can Sharaɗa a cikin kwalla. Ba na fita ko'ina, don matar aure ba ta fita sai da izinin miji, 'ya kuma a gidan ubanta sai da izinin uba, ni kuwa ban san wanda zan tambaya ba. Daga ɗakin Inna zuwa madafa, sai gindin bishiyar darbejiyar tsakar gida, inda nake zama ina kallon hadari yana haɗuwa ta gabas, iska ta zo ta watsa shi.

Malam bai hana mijina zuwa ba. Duk Asabar yakan zo, a shimfiɗa masa tabarma a soron ciki, in fito mu gaisa kamar masu zance. Ya rame, wuyan rigarsa ba ya fita da wanki. Wata rana na ce masa, "Don Allah ka je ka faɗa. Kalma nawa ce? Allah ya san zuciyarka."

Ya ce, "Idan na faɗa, gobe duk wanda ya gan ni zai ce ga wanda ya yi saɓo ya tuba. Yarinyar nan ma da shi za a yi mata gori."

"Ni kuma da me ake yi min yanzu?"

Sai ya karɓi yarinyar yana wasa da yatsunta.

Na gwada ta wajen Inna. Ta ce ta yi magana har sau biyu, Malam ya ce mata shi ma ba shi da yadda zai yi, ya riga ya furta a gaban mutane. A lokacin haushin su duka biyun nake ji. Idan na tuna maganar mijina sai in ga ban ji inda ya kauce ba. Idan na tuna lambun sai in ga Malam ya fi shi gaskiya. Ni dai abin da na sani shi ne ba ni na hana ruwa ba, ba ni na zuba magani a kogi ba.

An yi ɗan yayyafi a ƙarshen damina, bai tsinana komai ba. Malam ya sa aka yanke karan gonarsa aka sayar wa masu shanu.

Yayar Malam ce ta fitar da ni, Gwaggonmu da ke zaune a Na'ibawa. Tsohuwa ce, ita ta goye shi yana ƙarami. Labari ya kai mata, ta zo da hantsi a tasi, ta ce wa direban ya jira. Ko zama ba ta yi ba ta sa aka kira Malam tsakar gida.

Ta ce, "Auren yarinyar nan ya mutu ne?"

Ya ce, "Bai mutu ba, Yaya."

"Alƙali ya raba?"

"A'a."

"To matar mutane kake riƙewa. In kuna da gardama kai da surukinka, ku je ku yi ta yi har ruwa ya sauko. Ke, ɗauko akwatinki."

Malam ya juya ya koma soro. Da na zo wucewa na durƙusa na ce, "Malam, zan tafi." Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya," idonsa na kan littafin da ke cinyarsa.

Na tarar da ɗakina da ƙura, tukwanena yadda na kife su. Na zaci komai zai koma yadda yake, amma mutumin da na tarar ya rage magana. Ya daina cin abinci tare da Baturen, leburori ma sun daina tambayarsa komai. Ya kai wa manyan kamfanin maganar ruwan da ake saki, suka ce injin tacewa daga waje ake sayo shi, kuma yanzu ko kayan gyara ba sa samu. Ya nemi wani aikin a Bompai, ya tarar can ma rage ma'aikata ake yi. Ya ci gaba da fita kullum yana auna ruwan nan, yana dawowa da warin fata a jikinsa. Shekara na zagayowa Malam ya sayar da lambun.

Ba su sake tayar da maganar ba, kuma ba su sake zama hira ba. Duk sallar idi mukan je Ɗorayi gaisuwa. Ni in wuce ciki wurin Inna, shi ya tsaya a soro. Ina jiyo su daga tsakar gida, an yi salla lafiya, ya iyali, ya aiki, Allah ya maimaita mana. Kafin in gama kwance goyo sai in ji mijina ya yi sallama daga soron ciki, yana cewa a faɗa min in fito, rana tana yi.