Baiwar da ke hannun Haripada

A Krishnanagar, in ba a shagon Haripada Mondal aka ɗauke ka hoton neman aure ba, to ka shirya tsufa a gidanku. Haka ake faɗa, shi ma bai taɓa musawa ba. Ko baƙinka ya kai na gindin tukunya, ka zauna gaban labulensa, jibi ka karɓi hoto fes kamar an wanke ka da madara. Iyayen samari da na 'yan mata layi suke yi, masu mamaci ma nan suke kawo hoton da za a rataya wa furanni. "Baiwa ce a hannuna," in ji shi, yana tauna ganyen pan, goron mutanen garin. Da ita ya ci shinkafa da kifi shekara da shekaru.

Ga kuwa inda baiwar take. Haripada gajere ne, kuma ba ya shiri da kujera, sai dai ya naɗe ƙafa a tabarma. Allon kwamfutarsa yana can bisa akwatin ƙarfe, don gudun ambaliyar damina. Allon irin na da ne mai arha, wanda in ka kalle shi daga ƙasa komai sai ya yi duhu, ga tsufa ya cinye haskensa. Duk fuskar da ya buɗe sai ya gan ta baƙi ƙirin, ya yi ta ƙara haske har ta yi daidai a idonsa. In takarda ta fito, mutum ya yi fari tas. Bawan Allah bai san dawan garin ba.

Kwatsam 'yarsa Jhuma, mai aiki a Kolkata, ta zo hutun biki rungume da kwalin sabon allo.

"Baba, a fitar da wannan gawar. Sabon nan ko ta ƙasa ko ta gefe ka kalla, launi ɗaya ne. Ɗigonsa ƙanana, har gashin gira sai ka ƙirga. Abin da ka gani shi zai fito a takarda."

"Au, da can mafarki nake gani?"

"Kai dai gwada."

Kafin ya yi wata-wata, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya yi gaba da tsohon.

Sabon allo bai san ƙarya ba, nan fa masifar take. Kowa ya fito yadda Allah ya yi shi, har da ƙurajensa. Layi ya fara gajarta. Rannan wata tsohuwa, Parul, ta zo karɓar hoton mijinta da ya rasu, tana dubawa ta dafe ƙirji.

"Kai Haripada, wannan ai mijina ne!"

"To wa kike so ya zama, Yaya?"

"Shekara arba'in ina haƙuri da fuskar nan! Mijin maƙwabciyata ya fi shi baƙi, ka mai da shi ɗan fim. Nawa ne za a rataya haka, baƙi su zo su gani?"

Ya gwada ƙara hasken da gangan, amma a sabon allo yana ganin hanci na narkewa, kumatu na shafewa, sai hannunsa ya ƙi. Ya kira Jhuma a waya yana cewa baiwarsa ta gudu. Ta yi dariya har da tari, sannan ta warware masa zancen tabarma da akwati da tsohon allo dalla-dalla. Da ta gama ta ce, "Baba, kana ji na?" Ya ce yana ji. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Washegari ya shiga kasuwa ya sayo baƙin tabarau, irin na masu babur. Da shi yake aiki yanzu, fuskoki sun koma duhu a idonsa, yana ƙara haske hankali kwance. Layi ya dawo har bakin titi. Parul ta karɓi farin miji tana sa albarka.

"Baiwa ta dawo, Haripada! Wannan hannu naka, kada Allah ya nuna mana ƙarshensa."

Ya ce amin. Bai cire tabarau ba sai da ta fita, don kada ta ga idonsa.