Kwana Taran da Taubashina Ya Yi a Ɗakin Rodina

Taubashina ya mayar da ni abin dariya da tambayar da shi ya yi da bakinsa, ba ni ba. Ya yi mini haka ne bayan na ɓoye shi kwana tara a gidana, na ciyar da shi, na dubi tsabar idon mahaifiyarsa na yi mata ƙarya saboda shi. Yadda abin ya faru haka zan faɗe shi, har da wuraren da ni ma ban fita da kyau ba.

Uwarsa ƙanwar mahaifina ce, Gwaggo muke ce mata. A wani ƙauye bayan Roni aka haife mu, tare aka sa mu firamare, tare muka gudu a aji huɗu. Wanda ya san taubasantaka ya san dokarta. Ya ce maka bawansa, ka ce masa bawanka, ya zage ka a gaban surukinka ka rama a gaban nasa, amma ba a fushi. Wanda ya ɓata fuska shi ne ya faɗi.

Ni mai walda ne a Kazaure, ƙofofi da tagogi nake yi. A Kano na koyi aikin, a wani shago da ke kusa da katangar filin jirgi, shekara shida. Tun daga nan jirgin sama ya shiga raina. Na san ƙarar mai sauka, na san ta mai tashi, na san daidai inda yake naɗe tayoyinsa. Maigidana ya sha ranƙwashina don na saki aiki ina kallon sama. Yau na wuce hamsin, ko matakalar jirgi ban taɓa takawa ba.

Shi kuwa taubashin nawa manomin gyaɗa ne, matsoraci na ƙarshe. Ko babur ya hau sai ya damƙi rigar ɗan acaɓa da hannu biyu yana salati. Shi ne ɗansa da ke aiki a Legas ya biya wa kujerar Makka. Da labari ya iso ni na ce ma sha Allah, amma da baki kawai na faɗa. Ranar ƙofa biyu na lalata.

An yi masa ban kwana irin na da. Ya bi gida gida yana neman gafara, tsofaffi suna ba shi saƙon addu'a, mata suna kuka. Gari guda ya raka shi har bakin kwalta. Ina cikinsu, ni na ɗora masa jaka a mota.

Kwana biyu da tafiyarsa, da azahar, ina cin abinci a zaure sai ga babur ya tsaya. Wani mutum ya sauko ya naɗe fuska da rawani, a wannan zafin, jakarsa a cikin buhun taki. Da tafiyarsa na gane shi.

Na ce, "A'a, Alhaji, har an dawo? Lallai jirgin naku yana da gudu."

Ya ce, "Don girman Allah ka bar wasa, shigar da ni ciki."

Tun da muke ban taɓa jin ya ce a bar wasa ba sai ranar.

Ga abin da ya faru. An raba su jirgi biyu, shi yana na biyu. Na farko ya tashi lafiya. Su suna zaune a zauren jira, sai zumuɗi ya ɗebe shi ya buga waya gida ya ce ga shi a cikin jirgi, zai kashe waya, sai ya sauka. Rediyo kuma ta faɗi cewa maniyyata sun tashi. Gwaggo ta sa aka soya waina aka raba sadaka, liman ya yi addu'a a masallaci. Can sai wani jami'in kamfanin jirgin ya fito ya ce an sami matsala a inji, kowa ya koma gida ya bar wayarsa a kunne, za a kira. Sauran mutane suka koma gidajensu. Shi da wane ido zai koma? A ƙauyenmu shi kaɗai ne mai tafiya a shekarar, ba wanda zai tona shi sai in an gan shi.

Ya riƙe hannuna ya ce in rantse da Allah ba zan faɗa wa kowa ba. Na rantse. Ya ce in sake, na sake. Matata ba sai an rantsar da ita ba, da ma ba ta da yawan magana. Muka share masa ɗakin da nake ajiye rodi da fenti, muka shimfiɗa masa katifa.

Sau uku ana kiransa ana ɗagawa. A ce gobe da safe, ya yi wanka ya sa yunifom ɗin alhazai, sai saƙo ya shigo an ɗaga sai jibi. Na lura duk lokacin da aka ɗaga sai ya ci abinci sosai. Duk lokacin da aka ce gobe, sai cikinsa ya ɓaci ya yi ta safa da buta. Ashe ba kunyar mutanen gari kaɗai ke cinsa ba, jirgin kansa yake tsoro. A wurin bitar da ake yi wa maniyyata ya ji nauyin yin tambaya, sai ya tara mini su duka.

Rana ta huɗu ya ce, "Bawana, tsakaninka da Allah, idan lokacin salla ya yi ana cikin tafiya, direban yana samun wuri ya faka?"

Na yi dariya har na ƙware. Amma daga ni sai shi, kuma da na gama na zauna na yi masa bayani. Na ɗauki allin da nake auna ƙarfe da shi na zana masa jirgi a siminti, ga fiffike, ga inji, ga inda mai yake. Na zaunar da shi a kujerar roba na ɗaure shi da bel ɗin wandona don ya saba. Na gaya masa kunnensa zai toshe, ya riƙa haɗiyar yawu, haka na ji ma'aikatan filin suna faɗa a wurin mai shayi. Ni na san abin, shi zai hau. Ba zan ɓoye ba, duk sanda aka ɗaga tafiyar nan sai in ji sanyi a raina. Ban roƙi Allah ya hana jirgin zuwa ba. Amma ban roƙa ya zo ba.

Rana ta shida Gwaggo ta zo Kazaure ganin likitan ido, ta biyo ta gidana ta huta. Matata ta shimfiɗa mata tabarma a inuwa, taku uku daga ƙofar ɗakin rodi. Ta sha ruwa ta ce yanzu ɗanta yana Madina, ƙila ma a wannan sa'ar yana cikin masallaci.

Ta ce, "Ya kira ka kuwa?"

Na ce, "Layin can wuya gare shi, Gwaggo. Sai sun natsu."

Ta ɗaga hannu ta yi masa addu'a mai tsawo, ina cewa amin, ina jin motsinsa a bayan ƙofa yana danne tari. Da za ta tafi ta dafa kaina ta ce, "Kai kuma tun kana saurayi kake ɗaga kai sama, ga shi ƙanenka ya riga ka. Ka yi ta haƙuri." Wata uku kacal na ba shi a haihuwa. Na raka ta tasha na dawo, ban yi masa magana ba sai washegari.

Rana ta tara aka kira da gaske. Na goya shi a babur ɗina da safe na kai shi can gaba da gari, inda motocin Roni ba sa tsayawa, don ya shiga motar Kano ba wanda ya gan shi. Abu ɗaya na roƙe shi. Na ce in Allah ya ba shi kujerar taga ya duba mini ƙasa da kyau, in ya dawo ya gaya mini yadda take daga sama. Ya ce in sha Allahu.

Ya dawo da haƙorin Makka da farar jallabiya. Na je barka da sauka, zauren Gwaggo cike, ana raba dabino da zamzam a murfin jarka. Dattawan da ke kiransa da sunan yarinta yanzu Alhaji suke ce masa, har da matsa masa wuri. Na gaishe shi na zauna. Muka haɗa ido, na ga ya tsargu, kamar yana jiran in buɗe baki. Sai ya riga ni.

Ya ce, "Jama'a, kun ga bawan nan nawa? Kafin in tafi ya ja ni gefe, wai Alhaji, idan lokacin salla ya yi, direban jirgi yana fakawa a gefen hanya?"

Zaure ya ɗauka. Wani tsoho har da hawaye. Na buɗe baki, rantsuwa ta rufe mini shi, domin ba yadda zan ce shi ya yi tambayar ba tare da na faɗi inda ya yi ta ba. Wani kawunmu ya dubi fuskata ya ce, "Kai, wasan taubasai ne, kada ka ba mu kunya." Dole na washe haƙora.

Da a zauren ta tsaya da na haɗiye. Amma duk inda ya zauna sai ya maimaita, kullum da ƙari. Maganar ta je kasuwar Gwiwa, ta dawo Kazaure. 'Yan acaɓan bakin shagona, da jirgi ya gifta sai su ce, "Oga, tsayar da shi, la'asar ta yi!" 'Yata da ke aure a ƙauye ta ce dangin mijinta har ita suke tsokana. Na wayi gari in na ji ƙarar jirgi sai in sunkuyar da kai in ci gaba da aiki. Abin da nake yi kyauta shekara talatin, shi ma ya gagare ni.

Wani alhaji daga Babura da suka tafi jirgi ɗaya ya zo yin taga a wurina. Da hira ta yi hira ya ce ai ya san mutumina, kujerar taga aka ba shi, amma tun kafin a tashi ya lulluɓe kansa da darduma, bai buɗe ba sai da aka sauka, zuwa da dawowa. Na ajiye abin waldar na shiga bayan shago na zauna. Taga guda, aka ba wanda ya rufe kai.

Na sami malamin unguwarmu na tambaye shi yadda mutum ke fita daga rantsuwa. Ya ce a ciyar da miskinai goma ko a tufatar da su, wanda ba shi da hali ya yi azumi uku. Na ce, "Allah gafarta Malam, in aka jera miskinan nan ni ne na farko a layi." Ya ce to in yi azumi. Na yi su a jere, ina walda a rana, harshena kamar fata.

Sati bai cika ba sai ga shi a shagona, wai zai sa sabon get a gidansa. Ya tsaya a gaban 'yan acaɓa ya ce, "Bawana, a saman get ɗin nan jirgi nake so ka ƙera mini. Amma ka yi masa wurin fakin." Suka bushe da dariya. Na kashe inji, na cire tabarau, na ce ya biyo ni ciki. Ya shigo yana murmushi, haƙorin yana walƙiya. Na tura ƙofa.

Na ce, "Alhaji, yau ni ne zan ce a bar wasa. Rantsuwar da ka ɗaure ni da ita na yi mata azumi uku, ba ta kaina yanzu. Ban gaya wa kowa ba tukuna. Ba zan ƙera maka jirgi ba, ka kai wa wani. Kuma ina jin haushin kai ka hau ni ban hau ba, wannan ciwona ne, da shi zan mutu, ba kai ka ɗora mini ba. Amma tambayar nan taka ce, kuma za ka karɓi abarka. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, a zauren da ka faɗe ta, a gaban mutanen da suka yi dariya, ka ce kai ka yi ta ba ni ba. Ba sai ka faɗi inda ka yi ta ba, wannan na bar maka. In Juma'a ta wuce ban ji ba, Asabar da safe ina gaban Gwaggo, in gaya mata inda ɗanta yake ranar da ta ɗaga hannu a tsakar gidana tana yi masa addu'ar Madina."