Kitson Ige

A gidanmu ba a ƙarasa wa ɗiya mace kitso. Duk irin zanen da aka yi mata, sai an bar tsaga ɗaya a bayan kunnen hagu, gashin a sake. Haka na tashi na tarar, haka aka kai ni ɗaki, haka furfura ta same ni. Yaran ƙauyenmu, nan kusa da Lolo a bakin Kwara, sun sha yi mana waƙar tsiya, wai makitsiyarmu ta gudu. Ban taɓa kuka ba. Wadda ta fi baki na tare ta a hanyar rafi, ba ta ƙara ba.

Kaka Dije, uwar uwata, ita ke mana kitson. Mai bandar kifi ce. Idan aka idar da magariba sai ta hura wutar banda, ta jera tarwaɗa a kan waya, ta zauna a kan turmin da ta kifar. Hayaƙin ke kore mana sauro, mu kuma mu kewaye ta. Tana da tatsuniyoyi cike da baki, na kura, na dorina, na 'yan ruwa, kuma duk tana buɗe su da kiran nan da kowa ya sani, mu amsa, ta rufe su da kan ɓera. Amma akwai guda ɗaya da ba ta yi wa haka. Ranar da aka yi sabon kitso take ba da ita. Sai ta tura itace cikin wuta, ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Kowace ta taɓa bayan kunnenta." Mu taɓa. "To, ku kama bakinku. Wagga ba ta dariya ba ce."

Ige, in ji ta, ƙanwar kakarta ce. Yarinya ce da ba ta kai aure ba, mai wushirya, mai surutun tsiya. Wata ranar jajiberin salla uwarta ta zaunar da ita tana mata kitso, saura tsaga ɗaya, sai aka ga babu ruwa a randa. Uwar ta ce, "Tashi ki ɗebo, in kin dawo in ƙarasa miki." Ige ta ɗauki tulu ta gangara. Da rana ta karkata aka je nema, aka sami tulun a zaune a kan yashi, cike, ko ɗigo bai zube ba, da sawun dawaki.

Na taɓa tambayarta ko aljannu ne. Ta harare ni. "Wane aljannu? Mutane na, Hajo. Masu irin bakinmu, masu salla awa mu. Kar ki bari wani shi ce miki baƙi kaɗai ka yin wagga ɓarna."

Bayan shekara biyu wani falke ya dawo daga kudu, ya zo har gidan. Ya ce ya ga yarinyar can bayan ƙasar Bargu, a cikin jerin mutane da igiya a wuya. Da zanen fuskarta ya gane ta, da kitson nan, ya tsufa ya cukurkuɗe, gefe ɗaya a sake. Ta hana kowa ya taɓa mata kai, ta ce innarta ce za ta ƙarasa. Ya ce an nufi da su wani ruwa mai gishiri wanda ba shi da ƙetare, inda jirage suke da girman unguwa, kuma wanda ya shiga ba a sake jin labarinsa.

Nan Kaka take tsayawa, ta tashi ta juya kifi. Mu ce, "Sai me, Kaka?" Ta ce, "Sauran na wurinta." Ni da na girma a bakin Kwara, inda ake hango shanun wancan gefe, kaina ya kasa ɗaukar ruwan da ba shi da ƙetare. Nakan zauna ina kallon wutar, ina ƙara wa Kwara faɗi a zuciyata har tsoro ya kama ni.

Da ciwon ajali ya kwantar da Kaka, ni ta kira, don ta san ni ce ba na sakaci. Ta damƙa mini tsinken kitsonta na ƙarfe, ta ce, "Aiki na aka bari rabi. Kar ki bari a manta da ba a ƙare shi ba. In Allah ya nuna miki Ige ta dawo, ki ƙarasa."

Na riƙe. Amma 'yata Rabi, tun da aure ya kai ta Kwatano, ta yar da abin. 'Ya'yanta suka riƙa zuwa mana salla da kitso a rufe tsaf. Na yi faɗa har na gaji. Ta ce, "Inna, a makaranta dariya ake musu. Mace ta mutu tun kafin Bature shi zo, mi gashin yara za shi yi mata?" Na ce mata rashin kunyarta ta birni ce. A raina kuwa na san idan na kwanta dama, Ige ta ɓace karo na biyu, kuma wannan karon babu falken da zai kawo labari.

Shekarun baya Rabi ta haihu, na tafi yi mata wankan jego. Bayan arba'in ta ce sai ta nuna mini teku kafin in koma. Muka shiga mota da babbar 'yarta Safiya zuwa wani tsohon gari da suke kira Wida. Daga cikin garin akwai hanya miƙaƙƙiya har bakin ruwa, Rabi ta ce ta nan aka riƙa kora bayi. Na ce a tsayar da mota, da ƙafa zan bi. Ta ce da nisa. Na ce yarinya ta taka ta da igiya a wuya.

Kafin in ga ruwan na ji shi, yana nishi kamar ƙasa ce ke numfashi. Sai ga wata babbar ƙofa a tsaye a kan yashi, babu katanga, babu gida, bayanta kuma ruwa har ya haɗe da sama. Na nemi wancan gefe da idona, na rasa. Na zauna a kan yashin ina salati. Ashe Kaka, wadda ba ta taɓa wuce kasuwar Lolo ba, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Akwai mutane a wurin sanye da fararen kaya, baƙaƙe kamarmu, wasu suna watsa furanni a ruwa, wasu suna kuka. Rabi ta ce jikokin waɗanda aka tafi da su ne, daga ƙetaren teku suke zuwa. Na ce, "Ashe yana da ƙetare?" Ta ce, "Yana da shi, Inna."

Ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Na jawo Safiya gindin wata bishiyar kwakwa, na zaro tsinken Kaka daga ɗankwalina, na kwance mata tsagar bayan kunnen hagu. Rabi ta ce, "Haba Inna, nan ma?" Na ce, "Nan ne ma wurinsa."

Wata dattijuwa daga cikin baƙin ta tsaya a kanmu tana kallo. Tsarata ce, doguwa. Ta nuna kan Safiya, ta leƙo gefen nawa ɗankwalin, ta yi tambaya da Faransanci, wanda Rabi ta koya a kasuwa. Rabi ta sunkuyar da kai. Na ce, "Gaya mata." Ta fara a daƙile. Ba na jin yaren, amma ina bin hannuwanta. Na ga ta ɗauki tulu, na ga ta ajiye shi a kan yashi, na ga igiya a wuya. Ba ta tsallake komai ba. Da ta kai inda Kaka take tashi ta juya kifi, ita ma nan ta tsaya.

Matar ta juyo gare ni. Sannan ta ce, ta bakin Rabi, su a gidansu ba su san sunan ko mutum ɗaya daga cikin waɗanda aka sauke daga jirgi ba. Ba su taɓa zaton akwai gidan da ake jira ba. Ta tambayi sunan yarinyar. Na faɗa. Ta maimaita, "Ige," daidai, kamar a Lolo aka haife ta. Sai ta cire ɗankwalinta, ta juya mini baya, ta zauna a yashi tsakanin ƙafafuna.

Gashinta fari ne, mai tauri irin namu. Na yi mata zanen da Kaka ke mana, tsaga bayan tsaga, teku na ta nishinsa. Da na iso bayan kunnen hagu, hannuna ya tsaya cak. Sama da shekara hamsin ina kitso, yatsuna ba su taɓa bin wurin nan ba, ban san ta inda ake kama shi ba. Rabi ce ta durƙusa ta raba mini gashin uku, ta ce, "Kama nan, Inna." Na yi bisimilla, na kitse shi har ƙarshe.

Ban ce jininmu ce ba. Allah kaɗai ya san inda jirgin Ige ya sauka, ko ma ta sauka. Ina yarinya na ɗauka Kaka makoki take sa mu yi, don haka na riƙe abin da fushi. A bakin ruwan nan na gane wuri take sa mu ajiye, kuma wanda duk ya dawo ta ƙofar nan ya isa ya zauna a cikinsa.

Yanzu ni ke zama a kan turmi. Bana da salla Rabi ta kawo yaranta, kowace da tsaga ɗaya a sake, ba ni na sa ta ba. Bayan magariba na hura wuta, na ba su labarin har zuwa matar nan mai farin gashi. Sannan na kira ƙaramar, na ce, "Wa aka aika rafi?" Ta ce, "Ige." Na ce, "To, zo nan in ƙarasa miki."