Gaban Tifar Babana

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, babana direban tifa ne. Yashi yake ɗebowa daga bakin kogi ya kai Narayi, inda mutane ke ta gini. Muna haya a Sabon Tasha, gida mai ɗakuna a jere, rijiya ɗaya a tsakar gida. Ina sakandare a lokacin.

A ɗakin ƙarshe akwai wani dattijo mutumin Filato da matarsa. Ya yi aiki a masaƙa har aka sallame su, sai ya koma sayar da jarida a mahaɗar unguwar Television. Gajere ne, ga shi ya ɗan ranƙwafa. Cocinmu ɗaya. Yakan ajiye wa Baba jaridar da ta kwana, su zauna a benci da yamma suna gardamar ko farar hula za su kai labari. Shekarar kasuwarsa ta buɗe, kowa na son ya ga wa aka naɗa, wa aka sauke. Da motoci sun cunkushe sai ya kutsa tsakaninsu, jaridu a hammata.

Wata safiya da damina Baba ya taso da lodi, cunkoso ya tsayar da shi a mahaɗar. Wani mai ƙaramar mota ya kira jarida daga ɗaya hannun, dattijon ya ratso ta gefen dama, dab da hancin tifar. Daidai nan hanya ta buɗe. Baba ya duba madubin hagu, ya duba na dama, ya saki birki. Ihun mutane ne ya tsayar da shi. Sai da ya sauko ya ga ko waye. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Baba ya yi kwanaki a hannun 'yan sanda. Waɗanda abin ya faru a idonsu suka ba da shaida, Fasto da dattawan coci suka yi ta zirga-zirga, dangin mamacin suka ce ba za su yi shari'a ba. Aka sake shi. Ranar da ya dawo bai shiga ɗaki ba, a bakin ƙofa ya zauna har Mama ta ɗauke tuwon da ta ajiye masa, ko taɓawa bai yi ba.

Bayan an karɓo motar, wata Asabar ya ce ni da Mama mu bi shi inda ake ajiye ta. Ya buɗe ƙofa ya ce da ni, "Hau ki zauna a kujerata." Na hau. Ya ce Mama ta tsaya a gaban motar ta hannun dama. Mama ta ce, "Baban yara, mene ne amfanin wannan kuma?" Ya ce, "Don Allah ki tsaya kawai."

Ya ɗago kai ya tambaye ni, "Kina ganin mamanki?"

Na leƙa ta gilashi. Ina ganin katanga, ina ganin bishiyar mangwaro, har da wata akuya can nesa. Mama kuwa ko ɗankwalinta ban gani ba. Na miƙe tsaye, na dafa sitiyari, duk da haka babu ita. Na ce, "Baba, ba na ganinta." Ya gyaɗa kai, ya jingina da taya, ya rufe fuska da hularsa. Ban taɓa ganin kukansa ba sai ranar.

Zaman gidan ne ya fi komai wuya. Matar mamacin ba ta taɓa faɗa mana baƙar magana ba. Amma in Baba na bakin rijiya sai ta koma ɗaki da bokitinta. Mama ta kai mata abinci, ta karɓa ta yi godiya, washegari kwanon ya dawo yadda aka kai shi. A coci matan zumunta suka rasa gefen da za su zauna.

Ranar da 'yan'uwanta suka zo kwashe kayanta zuwa Filato, Baba ya je ya durƙusa a ƙofarta. Ya ce da ita, "Mama, Ubangiji ne shaidata, ban gan shi ba."

Ta ce, "Na sani, Direba. Na yafe tun ranar. Kai ba ka gan shi ba, amma ni kullum sai na gan ka. Shi ne ba zan iya ba."

Baba ya koma aiki. Ya sayi wani madubi mai doro kamar bayan ƙwarya, ya sa mai walda ya kafa masa shi a saman gilashin gaba, yana kallon ƙasa. Wasu direbobin suka yi ta tsokanarsa, kaɗan suka kwaikwaya. Madubin yana nuna wurin sosai, amma zuciyarsa ba ta yarda da shi ba. In ya tsaya a cunkoso, kafin ya tashi sai ya sauko ya zagaya gaban motar, na baya suna ta danna masa oda suna zagi. Lodin da yake kaiwa a yini ya ragu. Mai motar ya yi haƙuri iya haƙuri, daga baya ya karɓi makullinsa. Baba ya samu gadi a wani gidan bulo a Narayi, a nan ya tsufa.

Shekaru da yawa bayan haka, mijina ya ɗauko mu da motar wurin aikinsu za mu kai Baba asibiti. Yana ja da baya sai motar ta fara ƙara, wani ɗan allo kusa da sitiyari ya nuno wata mata da tire a ka tana wucewa ta bayanmu. Baba ya tambayi mene ne wannan. Mijina ya ce kyamara ce da na'urar da ke jin mutum in ya matso, gaba da baya.

Baba ya ce, "Har gaba?"

"Har gaba, Baba."

"Ana sa wa tifa?"

Mijina ya ce ya ji sababbi suna zuwa da ita, amma shi bai ga ko ɗaya a hanyoyinmu ba tukuna. Baba ya daɗe yana kallon allon, har allon ya mutu da kansa. Da daminar shekarar ya rasu.